Zubin Kayan Fim da Rezin: Nasiha Ga Ƙannena Masu Sha'awa

Ƙannena maza da mata, na lura a 'yan shekarun nan da yawanku sun kamu da son wata sana'a wadda mu ba mu taso mun tarar ba. Yaro zai kalli fim ɗin almarar kimiyya irin su Star Wars ko Star Trek, ya ga takobin haske ko wata na'urar hannu, ransa ya biya, ya ce shi ma sai ya riƙe irinta. Daga nan sai ya dinga bin bidiyon masu ƙira na Amurka da Japan, yana kallo suna kwaɓa wani ruwa suna ɗurawa a mazubi, bayan 'yan mintoci su ɓare su fito da abu fari tas, su fesa masa fenti ya koma ƙarfen da ya sha yaƙi. Ruwan nan shi ne rezin, ruwan roba ne mai zuwa kashi biyu, da an haɗa su sai ya ɗauki zafi ya daskare.

Ban ɗauki alƙalami don in hana ku ba. Sana'a ce mai kyau, tana horar da ido da hannu, kuma akwai abinci a cikinta ga wanda ya iya. Abin da nake so ya zauna muku tun yanzu shi ne, zubin nan da ya fi ɗaukar hankali a bidiyo shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Mazubi ba ya ƙari ba ya ragi. Abin da ka ba shi shi zai maido maka, har shatin yatsanka in ka bar shi a jikin samfuri. Yawancin wahalar tana gabanin zubi, saura kuma tana bayansa, a nan ake gane wanda ya iya da wanda ɗoki ke ɗiba.

Mu fara da inda kayan nan suka fito, domin wanda bai san asalin abu ba kwaikwayonsa zai ba shi wuya. A 1976, lokacin da ake shirya Star Wars na farko a sutudiyon Elstree kusa da Landan, kuɗi bai wadaci masu aikin ba. Roger Christian, wanda aka ɗora wa ƙawata wuraren ɗaukar fim ɗin, ya shiga wani shagon kayan hoto, aka jawo masa akwatin tsofaffin mariƙan fitilar kyamara ƙirar Graflex, irin waɗanda 'yan jarida ke yawo da su a shekarun 1940. Ya ɗauki ɗaya, ya manna masa baƙaƙen sandunan roba a gindi, ya ciro ɗan gilashin da ke fuskar wata tsohuwar kalkuleta ya cusa a maƙallinsa. Takobin Luke Skywalker ke nan. Na Obi-Wan Kenobi kuwa an harhaɗa shi da wani bututu daga injin jirgin sama na Rolls-Royce, da gangar wani gurnetin Birtaniya na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kan famfo. Bindigar Han Solo tsohuwar Mauser C96 ce ta Jamus aka yi wa ƙare-ƙare. Can a Kalifoniya kuma ma'aikatan kamfanin ILM, wanda George Lucas ya kafa a 1975, suna ta ɓalle ƙananan sassa daga kwalayen tankokin yaƙi da motocin roba na haɗawa, suna liƙawa a jikin jiragen sararin samaniya don su yi kama da injin gaske. Ɗaya daga cikin ƙananan jiragen nan, ƙirar X-wing, an same shi cikin kayan marigayi Greg Jein, aka yi gwanjonsa a watan Oktoba na 2023 a kan dala miliyan 3 da dubu 135. Kun ga dalilin da ya sa masoyan finafinan suka koma ƙera nasu.

Kada kuma ku ɗauka zubi dabara ce ta 'yan kallo kawai. Masu fim ɗin su suka fara. Sukan ƙera guda ɗaya ko biyu masu kyau na ƙarfe, waɗanda za a kawo kusa da kyamara, sannan su yi masu mazubi su zubo wasu da yawa da rezin ko roba mai laushi, don 'yan baya da masu faɗuwa da tsalle-tsalle. Ba a wurgi da na ƙarfe, kuma ba a bugun ɗan wasa da shi.

Darasi na farko shi ne kallo. Na ga matasa da yawa suna ɗaukar hoto ɗaya daga waya su ce sun ga abin. Ba su gani ba tukuna. Ku ɗauki bindigar da Harrison Ford ya riƙe a Blade Runner na 1982. Fim ne mai duhu da ruwan sama, bindigar ba ta cika fitowa sarari ba. Sama da shekara 20 masu ƙira suna tsayar da kaset suna ƙura wa talabijin ido, suna gardama a kan mene ne wannan, mene ne wancan. An gano cewa an auri sassan bindigogi biyu ne, kan wata doguwar Steyr-Mannlicher ta Ostiriya da gangar wata ƙaramar Charter Arms Bulldog ta Amurka. Amma sai a 2006, da aka fito da ta ainihin a wani babban taron masoya almarar kimiyya a Kalifoniya aka ɗauke ta hotuna ta kowace fuska, sannan mutane suka ga ƙananan wayoyin da ke jikinta, da inda kowace kusa ta zauna, da yadda haske ke ratsa mariƙinta mai launin ruwan zuma. Da yawa suka ajiye abin da suka yi suka sake sabon lale. A 2009 aka sayar da ita dala dubu 270. Abin da ya burge ni a labarin nan shi ne mutanen ba su ji kunyar komawa farko ba da hujja ta bayyana.

To kai ma tara hotuna gwargwadon iko, gaba da baya da gefe da ƙasa. Nemi sashe ɗaya da ka tabbatar da girmansa, ka auna sauran da shi. Misali, kaurin bututun Graflex inci 1 da rabi ne, wato kusan santimita 3.8, in ka san wannan, da rula da kalkuleta za ka fitar da tsawon kowane ɓangare daga hoto. Kuma ka kiyayi gyaran abin da ba a ce ka gyara ba. Kwalkwalin Darth Vader, wanda Brian Muir ya sassaƙa da hannu, ɓangaren damansa bai yi daidai da na hagu ba. Haka kwalkwalin fararen sojojin Star Wars. Masu sabon hannu sukan daidaita su da kwamfuta su ga sun kyauta, amma wanda ya san abin da kallo ɗaya zai ce wannan ba shi ba ne. Karkatar nan tana cikin kamanninsa.

Bayan kallo sai samfuri, wato uwar da za a yi wa mazubi. Nan za ka fi daɗewa, nan kuma ya kamata ka daɗe. Ba ka buƙatar kayan waje. Bututun ruwa na roba, guntun katako, murfin kwalba, tsohuwar tocila, sassan rediyo da firinta daga wurin 'yan gwangwan, duk suna aiki. Ai ka ji da me aka yi na asalin. Ka yanka, ka manna, ka cike giɓi da filar da masu gyaran jikin mota ke shafawa, ka goge da samfefa daga mai kaushi lamba 120 zuwa 220 zuwa 400 har 600. Sannan ka fesa masa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, wanda masu fentin mota ke kira firaima. Wannan fenti shi zai tona maka asiri: ƙarcen da ba ka gani ba, ramin da ka tsallake, duk za su fito fili. Ka cike, ka goge, ka sake fesawa, har sai ka juya shi a rana ka rasa abin cewa. Tabo ɗaya a jikin samfuri zai fito a jikin kowane zubi, in ka zubo ashirin ka ɗora wa kanka gyara ashirin. In katako ne ko wani abu mai shan ruwa, ka toshe shi da fenti sosai, in ba haka ba silikon zai kama shi. Masu injin buga abu na 3D ma ba su tsira ba, domin injin yana barin layi-layi a jiki, kuma mazubi zai kwashe su ɗaya bayan ɗaya.

Silikon ɗin mazubi iri biyu ne. Akwai mai daskarewa da sinadarin kuza, ya fi araha kuma ba shi da tsirfa, sai dai yana ɗan tsukewa kuma in ya shekara da yawa yakan yi rauni ya yage. Akwai mai filatinam, ba ya tsukewa kusan ko kaɗan kuma yana daɗewa, amma yana da ƙyama. In ya taɓa yumɓun roba mai farar wuta a ciki, ko safar hannu ta latas, ko wasu kayan da injin 3D ya buga da rezin mai bushewa da haske, sai ya ƙi daskarewa a wurin, ka buɗe ka tarar da danƙo ya lulluɓe aikin makonni. Saboda haka kafin ka juye gwangwani guda, ɗiga kaɗan a wani lungu na samfurin ka bar shi ya kwana.

Ga yadda ake mazubi mai ɓari biyu. Ka kwantar da samfurin a akwatin kwali ko katako, ka binne rabinsa a yumɓu, ka gyara bakin yumɓun da wuƙa ya bi jikinsa tsaf, domin nan ne layin haɗi zai fito. Ka zaɓi inda layin zai ɓuya, kan wata kusurwa ko cikin wani tsagi, kada ka ratsa shi ta kan rubutu ko ado. Ka danna 'yan ramuka a yumɓun da gindin biro, su ne za su zama makullan da za su haɗa ɓarin biyu daidai. Ka sa ƙaramin bututu inda za a ɗura rezin, da wasu sirara a kowane tudu inda iska za ta maƙale. In kana son sanin yawan silikon da za ka kwaɓa, cika akwatin da busasshiyar shinkafa har ta haura samfurin da kamar santimita 1 da rabi, ka juye ta a kofi. Inda ta tsaya nan ne ma'auninka, ka ga ba asara. Ka fara shafa silikon kaɗan da buroshi ya shiga kowane saƙo, sannan ka ɗaga hannu sama ka tsiyaya shi siriri a kusurwa ɗaya, ka bar shi ya tafi da kansa yana korar iska. In ya daskare ka kife akwatin, ka cire yumɓun ba tare da ka motsa samfurin ba, ka shafa basilin kaɗan a fuskar silikon ɗin. Kada ka manta wannan. Silikon ba ya kama komai kamar yadda yake kama ɗan'uwansa. In ba ka shafa ba, ɓari biyu za su zama dunƙule ɗaya da aikinka a tsakiya.

Na san silikon ɗin nan yana da tsada kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. Mai koyo yana iya gwada hannunsa da silikon ɗin liƙa gilashi mai warin tsami, a cuɗa shi da garin sitacin masara har ya yi tauri, a danna a jikin ƙaramin abu, sannan a zuba farar ƙasar POP a ciki. Ba zai ba ka kyan na gaske ba, amma zai koya maka inda iska ke maƙalewa da inda abu ke ƙin fita. Kuma zubi ba baƙo ba ne a wurinmu. Je ka zauna wurin masu zuba tukwanen alminiyom da yashi, irin na kasuwar Katako a Yamai ko na Kano, ka ga yadda suke raba mazubi biyu da inda suke buɗe ƙofar ɗuri. Je wurin masu adon silin na POP. Yini ɗaya a gabansu, da ladabi da tambaya, zai buɗe maka ido fiye da bidiyo masu yawa.

Rezin ɗin da masu wannan sana'a suka fi amfani da shi shi ne foliyuritan, dangin sinadarin da Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937. Yana da ruwa-ruwa, yana shiga lungu, yana daskarewa da wuri. Wani sananne a cikinsu, Smooth-Cast 300, ana haɗa shi kofi da kofi, yana ba ka minti 3 na aiki, a minti 10 ka cire. Amma ku karanta takardar da kyau: a ma'aunin zafi 23 aka gwada wannan. A Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu zafi yana haura 40, kuma ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin lokacinka. Ke nan minti ukun nan yana iya komawa minti ɗaya, rezin ya sandare maka a kofi kana cikin juyawa. A bazara ka nemi mai jinkirin daskarewa, ka ajiye kwalaben a wuri mai sanyi, ka yi zubi da asuba. Damina kuma da tata matsalar. Foliyuritan ba ya shiri da laima. Ɗigon ruwa ko danshin iska yana haɗuwa da sinadarin da ke cikinsa ya haifar da iskar kabon, sai ka ga zubi ya fito da ƙuraje ko ya kumbura da kumfa. Kada ka juya da ɗanyen itace, kada ka zuba a mazubin da bai bushe ba, kuma ka rufe kwalba da zarar ka ɗiba.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki ajiye kimar ido, sayi ƙaramin sikeli da sirinji. In takarda ta ce a auna da nauyi, kada ka auna da kofi. Rezin ɗin da ba a auna daidai ba yakan fito da taushi, ko ya yi ta tsattsafo da maiƙo har bayan an yi fenti, kuma ba shi da magani sai zubarwa. Ka barbaɗa hoda a cikin mazubi ka busa ta fita, tana taimaka wa rezin ya kwanta ba kumfa. Ka karkata mazubin ka zuba a hankali, ka ɗan bubbuga gefensa. Manyan masu sana'ar suna sa shi a tukunyar matsin iska, kumfar ta matse ta ɓace, amma ba da ita ake farawa ba. Babban abu kamar kwalkwali ba a cika shi. Ana zuba kaɗan ne a dinga juya mazubin da hannu har rezin ya lulluɓe bango ya kama, a maimaita sau uku ko huɗu. Rezin ɗin da ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu shi ne foliyesta na masu aikin faiba, wanda ake ɗiga wa sinadarin MEKP kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Yana aiki, sai dai yana da wari mai hawa kai, yana tsukewa, kuma in ya faɗi yakan fashe.

A nan zan ɗaga murya, domin maganar lafiya ce. MEKP in ya fantsama a ido yana iya makantarwa, sa tabarau kafin ka buɗe shi. Sinadarin da ke cikin foliyuritan yana cikin sanannun abubuwan da ke jawo wa ma'aikata asma, kuma jiki in ya fara ƙinsa ba ya dainawa. Rezin ɗin ifoksi ma haka yake yi wa fata. Takunkumin yadi na zamanin korona ba ya tare tururin sinadari. Ana buƙatar mai gwangwanin tacewa, da safar hannu ta naitiril. Kada ka yi wannan aiki a ɗakin da kake kwana, kada ka taɓa kofi ko cokalin gida, kada ka wanke hannu da fetur ko tina. In za ka goge rezin da samfefa, jiƙa ta da ruwa don ƙurar kada ta tashi ta shiga huhu. Ragowar rezin da yawa a kofi yana ɗaukar zafi har ya narka roba ya yi hayaƙi, fitar da shi waje. Sannan don Allah kada ku juye sinadari a gorar ruwa ko ta lemo ku ajiye a gidan da ke da yara. Wasunsu farare ne garau, yaro mai ƙishirwa ba zai bambance ba.

Yanzu ga zubi a hannunka, fari, mara nauyi, ba ya kama da komai sai roba. Fenti ne zai sa a yarda da shi. Ka fara wanke shi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, domin maiƙon mazubi yana hana fenti kamawa. Ka kankare layin haɗi da reza, ka cike ƙananan ramuka, ka fesa firaima sama-sama daga nisan taƙi guda, shafi biyu ko uku marasa kauri. A hunturu ƙura ce abokiyar gabarka. Yayyafa ruwa a ƙasa, kuma ka kifa kwali a kan aikin da zarar ka gama feshi. A tsakar rana mai zafi fenti yakan bushe a iska kafin ya sauka, ya bar jiki da kaushi. Kuma fenti ba duka ke jituwa ba: mai ƙarfin tina in ya hau kan fentin mai sai ya tattare shi ya yamutse. Gwada kowane haɗi a bayan cokalin roba tukuna.

In ƙarfe kake so ya fito, sirrin yana ƙarƙashi. Ka yi masa baƙin fenti mai sheƙi, sumul, ka bar shi ya bushe sosai, sannan ka goga garin bakin fensir da auduga har ya ɗauki ƙyalli. Sai ka rantse ƙarfen bindiga ne. Wasu kuma suna cuɗa garin alminiyom a cikin rezin ɗin shafin farko, in ya fito su goge da soson ƙarfe mai laushi, ya ba da ƙyallin da ba ya ɓarewa. Launi kuwa sai ka yanke shawara, domin abin da kyamara ta nuna daban, abin da ke hannun ɗan wasa daban. Bindigar sojojin fim ɗin Aliens na 1986 fentin ruwan ƙasa aka yi mata, amma hasken wurin ɗauka ya sa mutane suka gan ta kore. Fuskar Darth Vader a fim na farko ba baƙa ba ce gaba ɗaya. Wasu sassan an yi masu ruwan toka mai duhu don kusurwoyinta su fito a hoto. Ko ka bi na fim ko ka bi na ainihi, duk daidai ne, muddin ka san wanda ka zaɓa.

Sai tsufarwa, wadda ita ce na fi ƙauna a duk aikin. George Lucas ya nace a kan cewa kayan duniyarsa su zama waɗanda aka mora, masu datti da tabo, shi ya sa aka yarda da su. Ka dubi kwalkwalin Boba Fett na fim ɗin Star Wars na 1980, da lotsawarsa a goshi da fentinsa da ya ɓaɓɓare, kore a sama, ruwan toka a ƙarƙashi, azurfa a can ƙasa. Ana yin irin wannan da dabara mai sauƙi. Ka fesa ruwan azurfa, ka ɗiɗɗiga man goge baki a gefuna da tsinke, ka fesa launin sama, in ya bushe ka murje da yatsa. Man zai tashi da fentin da ke kansa, azurfa ta leƙo da baki mai tsage-tsage irin na gaske. Sannan ka tsinka baƙin fenti da ruwan ƙasa su yi ruwa-ruwa, ka shafe jikin duka, ka goge da tsumma, dattin ya zauna a lunguna. Daga ƙarshe ka taɓa buroshi a fentin azurfa, ka goge shi a takarda har ya kusa bushewa, ka shafa sama-sama a kan tudu.

Dabarun nan kowa yana iya koyonsu a mako guda. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin inda za a sa su. Mai sabon hannu yakan watsa tabo ko'ina, aikin ya fito da ƙazanta ba tare da ya tsufa ba. Kowane tabo sai da dalili. Ina hannu ke riƙewa? Nan fenti zai siɗe ya yi santsi. Ina ke gogar kube ko ɗamara? Wace kusurwa ce ke fara taɓa ƙasa in an ajiye? Ina maiƙo ke taruwa ƙura ta bi shi? Ba sai ka je Amurka neman amsa ba. Tsaya ka ƙare wa tankin babur ɗin ɗan acaba kallo, inda gwiwa ta cinye fenti. Karɓi sifanar bakanike ka juya ta. Dubi mariƙin baro, da ƙofar tsohuwar motar ɗaukar kaya. Ɗauke su hoto ka adana, su ne littafinka. Kuma ka koyi tsayawa tun kana ganin kamar da saura.

Akwai maganar amana, ba zan tsallake ta ba. A cikin masu wannan sana'a babu abin da ake ƙyama kamar mutum ya sayi zubin wani, ya yi masa mazubi, ya dinga zubowa yana sayarwa. Wanda ya yi samfurin ya kashe watanni yana aunawa yana gogewa, kai kuma ka kwashe guminsa da gwangwanin silikon guda. Wannan cin haƙƙi ne ko da babu kotun da za ta kira ka, kuma wanda aka kama da shi sunansa ya ɓaci a cikin jama'ar ke nan. Asirin ma ba ya rufuwa, domin kowane zubi daga zubi yana fitowa ƙarami kaɗan, gefunansa sun dakushe, da kumfar na farko a jikinsa. Haka nan kada ka sayar da kwaikwayo da sunan na ainihi. Ka rubuta sunanka da shekara a cikin kowane abu da ka zubo. Su kansu kamfanonin fim suna da haƙƙin zanensu, kuma suna binsa. Andrew Ainsworth, wanda ya ƙera kwalkwalin fararen sojojin Star Wars a 1976, da ya fara sayar da irinsu sai Lucasfilm ta kai shi ƙara. Wata kotu a Kalifoniya ta yanke masa biyan dala miliyan 20 a 2006, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta Birtaniya, wadda a 2011 ta ce kwalkwalin ba ya cikin sassaƙen fasaha a dokar ƙasarta, don haka yana iya sayarwa a can amma ban da Amurka. Mutumin da ya yi su da hannunsa ke nan ya sha wannan. Yin guda don kanka ko don koyo daban, buɗe kasuwa da zanen wasu daban.

Shawarata kuma ita ce ku bar bindigogi, duk da na ambace su da yawa. A Amurka tun 1988 doka ta wajabta alamar ruwan lemo a bakin bindigar wasa, Birtaniya ma ta taƙaita sayar da masu kama da na gaske a dokar 2006. Mu kuwa kun san halin tsaron da muke ciki. Jami'in da ya ga abu mai kama da makami a jakarka da daddare ba zai tsaya tambayar sunan fim ba. Akwai mariƙin takobin haske, akwai na'urar sadarwa da ta bincike da Wah Chang ya ƙera wa Star Trek a shekarun 1960, akwai jirage da bajoji da akwatuna. Waɗannan kuma ba surar mai rai ba ce, wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar da hukuncin ƙera sura a addini ya huta. Mai son ya wuce nan ya tambayi malamansa.

Burina a kanku ya wuce ku tara kayan finafinan wasu a kan kanta. Kwaikwayo makaranta ce, duk wanda ya iya fitar da takobin Luke daidai ya riga ya iya awo, ya iya mazubi, ya iya fenti. Hannun nan shi masu shirya finafinanmu ke buƙata in za su yi labarin tarihi ko na gobe: takobi mara nauyi da ba ya yanka, kwalkwali goma iri ɗaya, na'urar da ba a taɓa gani ba. Ruth Carter, wadda ta ci lambar Oscar a 2019 da suturar Black Panther, ta ɗebo daga adon Buzaye da na wasu al'ummun Afirka ta kai shi duniyar almara. Adon nan a ƙofar gidanmu yake, a jikin sirdi da kube da zanen soro da ƙirar maƙeran Agadas.

Don haka aikinka na farko ya zama ƙarami, wanda bai wuce tafin hannu ba, mai shafaffen baya da zai yi mazubi ɓari ɗaya. Ka ƙera samfurinsa da kanka, ka zubo guda uku, ka yi wa ɗaya fentin sabo, ɗaya na wanda aka mora, ɗaya na wanda ya sha wuya. Ka kai su wurin tsohon mai fentin mota a unguwarku, ka gaishe shi, ka miƙa masa, ka ce Baba a duba mini. Duk abin da ya nuna maka, koma ka gyara kafin ka sayi gwangwani na biyu. Allah ya yi wa hannuwanku albarka.